Jupyter da ƙofar da ake shiga shiri yana tsaka da aiki

Da za a jere min duk abin da mutanen Jupyter suka ƙera, a ce in nuna gwanina guda ɗaya, ba zan nuna zane-zanen nan masu launi da ke fitowa a ƙarƙashin kod ba, ba kuma zan nuna yadda ake haɗa lissafi da bayani a shafi ɗaya ba, duk da ina son su. Hannuna zai tafi kai tsaye kan wani ɗan gajeren umarni da mutane da yawa suka shekara suna aiki da Jupyter ba su taɓa bugawa ba: `jupyter console --existing`. Wallahi wannan layin ya fi ƙarfin yabo! Kalma uku ce kacal, amma da ita za ka buɗe sabuwar taga ka tsinci kanka a cikin shirin da tuni yake aiki, da duk abin da ya loda, da duk abin da ya lissafa, babu abin da ya motsa daga inda yake. Ba sabon shiri ka tayar ba, ba kwafi aka ba ka ba. Shi ɗin ne dai, da ransa.

Wanda bai taɓa rubuta shirin kwamfuta ba zai ce to mene ne abin murna a ciki. Ga yadda abin yake a al'ada. Ka rubuta shirinka na Python, ka ce ya tafi. Zai ɗauko bayanai daga fayil, ya tsabtace su, ya yi lissafi, ya buga sakamako, sannan ya mutu. Da ya mutu, duk abin da ya tara a ƙwaƙwalwar kwamfuta ya bi iska. Idan ɗauko bayanan kaɗai yana cin rabin awa, kuma kuskure ya fito a can ƙarshe saboda ka manta waƙafi guda, to sai ka gyara, ka sake tayar da shi daga farko, ka zauna ka zuba tagumi wani rabin awar. Duk mai wannan sana'a ya san wannan zaman jiran. Shi ke cinye yini, shi ke kashe zumuɗi, har mutum ya daina gwada sabon tunani don kawai yana tsoron jira.

Jupyter ta zo ta raba abu biyu da aka saba gani a haɗe. Akwai inda kake rubutu, wato shafin da ke cikin burauza ko baƙin allon umarni. Akwai kuma injin da ke bayan fage yana aiwatar da abin da ka rubuta, yana riƙe da duk sunaye da bayanan da ke cikinsu, shi ne ake kira kanel. Waɗannan biyun ba jiki ɗaya ba ne. Kowanne zaman kansa yake yi, saƙo kawai suke aika wa juna. Ka rufe burauza, kanel yana nan. Ka buɗe wata taga daban, kanel bai damu ba, zai amsa mata kamar yadda ya amsa wa ta farko. Mai miya ba ta kashe wuta don tana son ta ji gishiri; murfi take ɗagawa ta ɗanɗana, ta ƙara abin da ya rage, tukunya na ci gaba da tafasa. To haka wannan umarni yake ba ka dama ka yi da shirinka.

Kuma ba da ka aka yi wannan tsari ba, mutane ne suka zauna suka yi tunani mai zurfi. Fernando Pérez, ɗan ƙasar Kolombiya, yana ɗalibin digiri na uku a fannin fizik a Jami'ar Colorado da ke Boulder a Amurka, ya fara IPython a shekarar 2001. Ɗan ƙaramin abu ne a lokacin, layi 259, don kawai ya sauƙaƙa wa kansa aiki da Python. Shekara goma bayan haka, a IPython 0.11 da ya fito a 2011, shi da Brian Granger da Min Ragan-Kelley da sauran abokan aikinsu suka sake ginin daga tushe, suka ɗora shi kan ZeroMQ, wata manhajar aika saƙo tsakanin shirye-shirye. A nan ne kanel ya samu 'yancin kansa. Konsol na Qt ya fito a wannan sigar, sannan a watan Disamba na shekarar littafin cikin burauza ya biyo baya a IPython 0.12. A 2014 aka sanar da Project Jupyter, aka ware ɓangaren da bai shafi Python kaɗai ba domin sauran harsuna su amfana, kuma ƙungiyar ACM ta ba aikin lambar yabonta ta tsarin manhaja ta shekarar 2017. Duniya ta fi sanin littafin, shi ake ɗauka hoto, shi ake nunawa a taro. Ni kuwa a wurina babban abin ya faru ne a waccan rana da suka yanke shawarar cewa kanel ba mallakar taga ɗaya ba ne.

Bari in nuna maka abin kusa da kusa, domin gani ya kori ji. Buɗe littafin Jupyter, a akwati na farko ka loda wani babban tebur da pandas, ka sa masa suna `df`. Jira ya gama. A akwati na gaba ka rubuta `%connect_info` ka aiwatar. Abin da zai fito ɗan gajeren rubutu ne cikin tsarin JSON, kuma ni dai duk lokacin da na gan shi sai na ji daɗi, saboda ƙanƙantarsa. Akwai adireshin na'ura, wanda yawanci 127.0.0.1 ne, wato ita wannan kwamfutar da ke gabanka. Akwai lambobin ƙofofi guda biyar: `shell_port`, `iopub_port`, `stdin_port`, `control_port` da `hb_port`. Akwai wani dogon mabuɗi na haruffa da lambobi, da sunan hanyar sa hannu a saƙo, `hmac-sha256`. A ƙasa kuma zai gaya maka da bakinsa yadda za ka haɗa wata taga da wannan kanel. Shi ke nan. Duk sirrin bai wuce 'yan layuka ba.

Yanzu buɗe baƙin allon umarni a gefe, ka buga `jupyter console --existing`. Idan ba ka ambaci sunan fayil ba, zai kama kanel na baya-bayan nan da aka tayar. Sai ka rubuta `df.shape`. Amsa za ta faɗo nan take, adadin layuka da ginshiƙan teburin nan da ka loda a burauza, ba tare da an sake karanta fayil ko sau ɗaya ba. Ka ƙirƙiri sabon suna a nan cikin konsol, ka ce `gwaji = 7`, ka koma burauza ka tambayi `gwaji`, za ta ce maka 7. Sannan ka lura da wani ɗan abu da ke burge ni ƙwarai: lambar nan da ke gefen akwati, `In [ ]`, za ka ga ta yi tsalle. Idan akwatinka na ƙarshe a littafi lamba 2 ne, ka yi umarni biyu a konsol, na gaba a littafi zai zama 5. Lissafin guda ɗaya ne domin mai lissafin guda ɗaya ne. Wannan ɗan tsallen lamba shi ne shaidar da ta fi kowace gamsar da ni cewa tagogin biyu a ɗaki ɗaya suke.

Kuma ƙofofin nan biyar, kowace da aikinta, an raba su da hikima. Ta `shell` kake aika kod da tambayoyi, kanel ya amsa wa wanda ya tambaya. Ta `iopub` kanel ke shela, duk abin da ya buga, duk zanen da ya fitar, duk kuskuren da ya ci karo da shi, da ko yana cikin aiki ko ya huta, yana watsa wa duk tagar da ke saurare. Wannan ƙofar ce ta sa taga goma za su iya kallon kanel ɗaya. Ta `stdin` shi kanel ɗin ke juyowa ya tambaye ka, idan kod ya nemi ka rubuta wani abu. Ta `control` ake aika saƙon gaggawa irin na kashewa ko na farautar kuskure, don kada ya tsaya a layi bayan dogon lissafi. Ta biyar kuwa bugun zuciya ce: taga na aika ɗan saƙo lokaci zuwa lokaci, kanel ya mayar mata da shi yadda yake, ta haka take sanin yana raye ko da ya dulmiya cikin aiki. Kai, wanda ya tsara wannan ya san abin da yake yi! Babu abin da ya yi yawa, babu abin da ya yi kaɗan. Kuma da yake an rubuta ƙa'idar saƙonnin a fili kowa ya gani, kanel na R da na Julia da na sauran harsuna duk da yare ɗaya suke magana da tagogi, don haka wannan dabara ba ta masu Python kaɗai ba ce.

Me ake yi da shi a aikin yau da gobe? Abu na farko da ya fi yawa a wurina shi ne tsabta. Littafin Jupyter wuri ne da ake so wani ya karanta daga sama zuwa ƙasa ya fahimta. Amma aikin gaskiya cike yake da 'yan leƙe-leƙe: wane iri ne wannan ginshiƙi, layi nawa ne babu komai a ciki, me zai faru in na raba da dubu. Idan duk waɗannan suka taru a littafi, kafin la'asar ya zama juji. Da konsol a gefe, duk tarkacen can yake tafiya, abin da ya tabbata kaɗai nake kwafowa cikin littafi. Mai son taga mai ɗan kyau sai ya rubuta `%qtconsole` a cikin akwati, konsol na Qt zai buɗe a haɗe da kanel ɗin, yana nuna zane a cikinsa. A JupyterLab kuwa abin ya fi haka sauƙi: danna dama a kan littafi, ka zaɓi a buɗe masa sabon konsol, ko kuma wajen zaɓen kanel ka ɗauki na wani littafin da ke buɗe, littattafai biyu su ci daga tukunya ɗaya. Har akwai zaɓin da zai sa konsol ya riƙa nuna duk abin da ke faruwa a kanel, ko daga wace taga aka aiko shi.

Sai dai inda zuciyata ta fi bugawa shi ne `embed_kernel`. Duk abin da na faɗa a sama, Jupyter ce ta tayar da kanel ɗin. To idan shirin naka ne fa, wanda ba ruwansa da Jupyter, dogon lissafi ne da ka rubuta a fayil yana ta gudu? Sai ka je daidai wurin da kake son leƙawa, ka sa layi biyu: `from IPython import embed_kernel`, sannan `embed_kernel()`. Da shirin ya iso nan zai dakata, ya mayar da kansa kanel, ya buga maka sunan fayil ɗin haɗi, wani abu kamar `kernel-1234.json`. Ka ɗauki sunan ka ba `jupyter console --existing`, sai ga ka a tsakiyar cikin shirinka, duk sunayen da ke wurin suna hannunka. Ka duba teburi, ka zana jadawali, ka kira wani aiki ka ga me zai mayar, ka gwada gyaran da kake tunani a kan ainihin bayanan da suka kawo matsalar. Wanda ya saba cusa `print` a kowane lungu yana sake tayar da shiri don ya ga lamba ɗaya, ranar da ya gwada wannan zai ji kamar an sauke masa dutse daga ka. Ɗan'uwansa `IPython.embed()` ma yana da kyau, amma shi a allon da shirin ke gudu kaɗai yake buɗewa. Shi kuwa `embed_kernel` ƙofa yake buɗewa, kowa ya zo daga inda yake, har daga wata kwamfutar.

Wannan magana ta wata kwamfutar ita ce ta sa nake ganin mu da ke aiki a inda wuta ba ta da tabbas muka fi kowa bukatar sanin wannan dabara. Mutum yana tsaka da horar da samfuri ko tace bayanai masu yawa, a ɗauke wuta, batiri ya ƙare, ko intanet ta yanke, aikin awanni ya tafi a banza. Amma idan kanel yana zaune a wata saba mai wuta dare da rana, ta jami'a ce ko wadda aka yi haya, to kwamfutarka taga ce kawai. Ta mutu, lissafi na ci gaba. Wuta ta dawo, ka kunna, ka sake haɗawa, ka tambayi sakamako, yana nan yana jiranka. Ka tayar da kanel ɗin a cikin tmux ko screen don kada ya mutu idan layinka ya yanke, ka kwafo fayil ɗin haɗi zuwa kwamfutarka, ka ƙara `--ssh` da adireshin sabar a kan umarnin, Jupyter za ta haƙa maka hanyoyin ƙofofin biyar ta cikin SSH. Ga kuma sauƙin data: manyan fayiloli suna can ba su motsa ba, abin da ke yawo tsakaninka da saba 'yan layukan kod ne da amsoshinsu. Masu amfani da Spyder ma ba a bar su a baya ba, akwai wurin haɗawa da kanel mai aiki a cikin jerin zaɓinta, ka nuna mata fayil ɗin, ka cike bayanan SSH, shi ke nan. Abu ɗaya da ya kamata a sani: abin da kanel ya buga a allo lokacin da babu tagar da ke saurare yana iya wucewa ba ka gani ba, domin shela ce, ba ajiya ba. Don haka sakamako mai muhimmanci a zuba shi cikin suna ko a rubuta shi a fayil.

Haka kuma wajen koyarwa. Ɗalibi ya maƙale, ya ce malam abin ya ƙi. Maimakon a yi ta aika hoton allo ta waya ana tambayar me ka rubuta a sama, malam mai izinin shiga na'urar sai ya haɗa da kanel ɗin ɗalibin, ya duba ainihin abin da ke cikin sunayen, ya ga ashe ginshiƙin da ake zaton lambobi ne rubutu ne. Minti biyu an gama abin da zai ci yamma guda.

Duk son da nake yi wa abin nan, akwai wurin da yake ci min tuwo a ƙwarya, kuma shi ne tambayar da kusan kowa ke yi da zarar ya ɗanɗana: to me zai hana in haɗa shi kansa littafin cikin burauza da kanel ɗin da na tayar a waje? Konsol yana karɓar `--existing`, konsol na Qt yana karɓa, amma sabar littafin ba ta karɓa. Dalilin a bayyane yake. An gina sabar ne a matsayin uwar kanel: ita ke tayar da shi, ita ke katse shi, ita ke sake kunna shi idan ya faɗi, ita ke kashe shi. Maɓallan nan na katsewa da sake farawa da ke saman littafi duk sun dogara ne da cewa kanel ɗin nata ne. Kanel da ya fito daga cikin wani shiri daban ba ta da iko a kansa, kuma idan ka ce ta sake kunna shi, me za ta kunna? Ko konsol ɗin da ka haɗa, in ka danna Ctrl-C don katse dogon lissafi, zai gaya maka ba zai iya katse kanel ɗin da ba shi ya tayar ba. Na fahimci hujjar sarai. Amma zuciya tana so! Mutane sun daɗe suna yi wa abin dabaru, wasu su rubuta nasu manajan kanel da zai yi kamar ya tayar da sabo alhali tsohon ya miƙa. Daga 2021, da jupyter_client 7 ya zo da tsarin da ke ba kowa damar rubuta yadda za a samar da kanel, hanyar ta ƙara faɗi, kuma irin wannan haɗi ya samu wurin zama mai kyau maimakon a yi ta ɓarin gini. Wata hanyar kuma ita ce a juya abin: a bar littafin ya tayar da kanel, sannan a kira shirin daga cikinsa, ya yi gudu a wani zare na daban, kai kuma kana leƙa shi daga akwatuna. Sau da yawa wannan ya wadatar.

Akwai kuma abubuwan da duk mai shiga wannan ƙofa ya kamata ya riƙe, ba don su rage wa abin daraja ba, sai don ƙarfinsa ne ya kawo su. Fayil ɗin haɗi ba abin wasa ba ne. Duk wanda ya samu mabuɗin nan kuma ya iya kaiwa ga ƙofofin, zai iya aiwatar da duk abin da ya ga dama a kwamfutarka da sunanka, ya karanta fayilolinka, ya goge su. Kada a saka shi a hoton allo, kada a tura shi dandalin hira. Mabuɗin sa hannu kawai yake yi a saƙo don a tabbatar daga mai izini ya fito, ba ya ɓoye abin da ke cikin saƙon, shi ya sa ake barin kanel a 127.0.0.1 a bi ta SSH idan za a yi nisa. Sannan kanel umarni ɗaya yake yi a lokaci guda. Idan littafi ya ba shi lissafin minti ashirin, tambayarka ta konsol za ta tsaya a layi har ya gama. Ba lalacewa ya yi ba, aiki yake. Abin da ka sauya a wata taga kuwa ya sauya a ko'ina, don haka wanda ya sake wa `df` ƙima a konsol ya manta, littafinsa zai riƙa ba da amsar da babu akwatin da ya bayyana ta. Maganin wannan sananne ne: kafin ka miƙa wa kowa littafi, sake kunna kanel ka aiwatar da komai daga sama har ƙasa. A `embed_kernel` kuma, idan a cikin wani aiki ka dasa shi, sake wa sunan cikin gida ƙima ba lallai ya koma cikin shirin ba, amma gyara abin da sunan ke riƙe da shi, kamar ƙara abu a jeri, wannan yana tabbata. Wajen fita ma a yi hattara: rubuta `exit(keep_kernel=True)` idan kana son ka tafi ka bar kanel da ransa.

Wani abin da ke ƙara min son wannan dabara shi ne tana da asali, ba jiya aka haife ta ba. Masu Lisp da Smalltalk sun daɗe suna ɗaukar shiri a matsayin abu mai rai da ake zama a yi hira da shi. Mai Emacs da SLIME yana haɗawa da Lisp ɗin da ke gudu ya sauya aiki guda ba tare da ya tsayar da komai ba. Masu Clojure suna da nREPL. Masu Erlang, harshen da kamfanin Ericsson ya ƙera don na'urorin sadarwar da ba a son su tsaya, suna shiga na'ura mai aiki da `-remsh`. Labarin da ya fi kowanne tayar min da tsikar jiki kuwa shi ne na Deep Space 1, kumbon hukumar NASA da aka harba a 1998. A watan Mayun 1999 aka gwada wata manhaja mai suna Remote Agent a cikinsa, wadda aka rubuta da Lisp, sai ta maƙale saboda wani kuskure na rige-rige tsakanin sassanta da bai bayyana ba a gwajin ƙasa. Kumbo yana can miliyoyin kilomita daga duniya, babu mai zuwa ya taɓa shi. Ron Garret, wanda a lokacin yake cikin injiniyoyin cibiyar JPL ta NASA, ya ba da labarin yadda samun damar yin magana da Lisp ɗin da ke gudu a cikin kumbon ya taimaka ƙwarai wajen gano matsalar. Ka yi tunani, irin wannan ikon ne, a ɗan ƙaramin mataki, Jupyter ta ɗauko ta ajiye a hannun ɗalibin da ke koyon pandas a ɗakin kwanansa, kyauta, ba ko sisi!

Shi kansa Python ya biyo sawu. A sigar 3.14 da ta fito a 2025 an ƙara hanyar da za ka haɗa pdb da shirin da ke gudu ta lambarsa kawai, `python -m pdb -p` sai lambar, ba tare da ka riga ka dasa komai a cikinsa ba. Na yi murna da wannan matuƙa, domin ya toshe gurbin da `embed_kernel` ya bari, wato shirin da ya riga ya tafi kafin ka tuna kana son leƙa shi. Amma pdb na farautar kuskure ne, layi bayan layi. Abin da Jupyter ke bayarwa ya fi haka faɗi: cikakken wurin aiki, da cike suna da maɓallin Tab, da alamar tambaya mai fito da bayanin kowane aiki, da zane, da tarihin umarni, da dama ga taga fiye da ɗaya.

Ga wanda yake son ya gwada yau, ba ya bukatar saba ko wani babban aiki. Ya sa `jupyter-console` da pip idan babu shi, domin ba kullum yake zuwa tare da littafin ba. Ya buga `jupyter --runtime-dir` ya ga foldar da fayilolin haɗi ke zama, a Linux yawanci `~/.local/share/jupyter/runtime` ce. Ya buɗe littafi ya rubuta `x = 10`, ya koma baƙin allo ya buga `jupyter console --existing`, ya tambayi `x`. Idan yana da kanel fiye da ɗaya a buɗe, ya ambaci sunan fayil ɗin wanda yake so, don kada ya faɗa cikin na wani aikin. Daga nan sai ya ɗauko shirin nan nasa da ya fi ba shi wahala, mai dogon lodi, ya dasa `embed_kernel()` layi ɗaya kafin inda yake faɗuwa, ya shiga ya duba da idonsa.